Baƙo Raɓa, Ɗan Gari Kaba: Tarihin Cinikin Abin Hawa a Ƙasar Ringim

Cikin dukan kayan da ɗan Adam ke saye da sayarwa babu wanda cinikinsa ya kai na abin hawa wuya. Wanda ya je sayen gero ya kan zura hannu cikin buhu ya ɗebo ya duba, abin da ya gani kuwa shi zai kai gida. Amma doki, ko raƙumi, ko mota, kowannensu yana da halin ɓoye aibinsa ran kasuwa, sai bayan an watse ya bayyana shi. Har wa yau kuma abin hawa shi ne kayan da ke ɗaukar ɓarawonsa ya gudu da shi. Wanda aka kwance da daddare a wannan gari, kafin hantsi yana wata ƙasa ana tayinsa. Saboda haka mai saye tsoro biyu gare shi, ko abin ya zama mai aibi, ko ya zama na wani. Mai sayarwa kuma yana da nasa tsoron, kada ya saki igiya kuɗi ba su shigo hannu ba.

In masu cinikin 'yan gari ɗaya ne abin da sauƙi, domin kowa ya san ƙofar gidan wani. Wuyar ita ce ciniki da baƙo, wanda ya zo daga nesa, gobe kuma zai koma. Hausawa sun ce baƙo raɓa, ɗan gari kaba, watau ɗaya rana na fitowa ya bushe, ɗaya kuwa yana nan daram rani da damina. Abin da za mu duba a nan shi ne dabarar da mutanenmu suka yi tun zamanin da, har suka iya ciniki da raɓa ba tare da sun yi asara ba, da yadda dabarar nan ta yi ta sāke kama daga zamanin doki zuwa na mota.

Ƙasar Ringim da hanyoyinta

Ringim tana arewa maso gabas da birnin Kano, kusa da Kogin Haɗeja. A da gunduma ce ta ƙasar Kano. Ran 27 ga Agusta 1991 aka ƙirƙiro Jihar Jigawa, aka sa hedkwatarta a Dutse, cikin wannan shekara kuma Ringim ta zama masarauta, ta ƙunshi Ringim da Taura da Garki da Ɓaɓura. Wanda ya dubi taswira zai ga ƙasar nan tana kan hanyar mai fita Kano ya nufi Gumel da Barno.

Ta wannan hanya Baturen nan Bajamushe, Heinrich Barth, wanda ya ke kiran kansa Abdulkarim, ya bi cikin watan Maris 1851. Ya tashi daga Kano, ya ratsa ta Garki, ya isa Gumel. Ya tarad da Gumel ita ce babbar kasuwar kanwa, ya kuma ƙiyasta cewa kayan kanwa da ke ratsa Kano kowace shekara ba su kasa kaya 20,000 ba, bisa takarkarai da jakuna. Kowane kaya cikin waɗannan sai da dabbar da za ta ɗauke shi, dabba kuwa tana tsufa, tana gurguncewa, tana mutuwa a hanya. Ke nan falke ba ya rabuwa da sayen abin hawa a garin da ba nasa ba, daga hannun wanda bai taɓa gani ba.

Dawaki ma haka. Nagari daga Azbin da Barno a ke kawo su, a sayar wa sarakuna da barade, waɗansu a wuce da su kudu zuwa Nufe da Ilori, inda sammore ba ya barinsu su daɗe, sai an yi ta kai sababbi. Raƙuma kuwa Buzaye ke saukowa da su tare da ayarin gishirin Bilma. Fataken goro, irin su Agalawa da Tokarawa da Kambarin Barebari, su kan tara jakuna masu yawa kafin su kama hanyar Gwanja, tafiyar da a ke yin watanni ba a dawo ba.

Akwai abin da ya ƙara wa cinikin nan haɗari a wannan yanki. A zamanin Barth ƙasar Kano iyakarta Garki da kewaye, Gumel kuwa Barno ta ke bi. Haɗeja kuma, a ƙarƙashin Sarki Buhari, ta yi wa Sakkwato tawaye tun wajen 1850 har rasuwarsa a 1863. Watau tafiyar yini guda ta isa ta fitar da ɓarawon doki daga hukuncin alƙalin Kano. Wanda aka cuta ba shi da ikon da zai bi sawu da shi ya ƙetare iyaka. Tun da hukuma ba ta iya bin baƙo, sai fatake suka nemi wanda ba ya bukatar a bi shi.

Mai gida da dillali

Wannan mutum shi ne mai gida, ko mai masauki, wanda mutanen gabas ke kira fatoma. Ɗan gari ne sananne, mai gida da iyali da gona. Baƙon da ya zo da dawaki ba ya wucewa kasuwa kai tsaye, sai ya sauka gidan mai gidansa, wanda sau da yawa ubansa ma can ya ke sauka. Mai gida ya ba shi ɗaki, ya kai masa tuwo, ya ɗaure dabbobin a turkensa, ya ajiye masa kuɗi, in harshe ya bambanta ya yi masa tafinta. Ba a biyan kuɗin ɗaki. Ribar mai gida tana cikin la'adar da za ta fito in an yi ciniki.

Ƙarƙashin mai gida akwai dillalai, su ne ke fita da dabba kasuwa, su nemo mai saye, su kai tayi su komo da albarka, har a daidaita a sallama. Kafin a kai ga sallama mai saye ya kan buɗe bakin doki ya ƙirga haƙora don ya san shekarunsa, ya ɗaga kofato, ya kaɗa hannu gaban idonsa, ya sa a hau a yi kilisa, a yi sukuwa, ya tsaya ya saurari numfashinsa. In jaki ne a kan ɗauke akumari a dubi gadon baya, domin can miki ke ɓuya. In raƙumi ne a dubi lalas ɗin da Buzaye suka yi masa, wanda ke nuna gidan da ya fito. Sa'an nan a faɗi launin dabbar da alamunta gaban shaidu, ko kili ne ko akawal ko danda, domin kama da wane ba ta wane.

Dukan wannan dube-dube aibi kaɗai ya ke kamawa. Ba ya nuna ko dokin na sata ne. A nan ne amfanin mai gida ya ke. Mai saye ba ya tambayar baƙo asalin dokinsa, gama baƙo yana iya faɗin abin da ya ga dama. Tambayarsa ita ce, a gidan wa ka sauka? In an ce gidan wane, to, wane ya ɗauki lamuni. Ran da wani ya zo cigiya ya gane dokinsa, ba a neman baƙo, ƙofar mai gida za a tafi. Haka nan in mai saye ya karɓi dabba bashi ya ƙi biya, mai gida ne zai biya baƙonsa, sa'an nan ya bi ɗan garinsu. Shi ya sa ba ya saukar da wanda bai yarda da shi ba, ba ya kuma barin dillalinsa ya sayar wa wanda aka sani da taurin bashi. Jarinsa duka sunansa ne. In ya ɓaci a bakin falke guda, kafin kaka labari ya kai kowane zango.

Muna da shaidar yadda wannan ƙa'ida ta yi ƙarfi a ƙasar Kano. Hugh Clapperton, Baturen Birtaniya da ya shigo Kano a watan Janairu 1824, ya ba da labarin cewa a kan sa sunan dillali cikin kowane ƙunshin riga ko turkuɗi. In an kai ƙunshin har Barno aka kwance aka ga kayan ba su kai yadda aka faɗa ba, sai a komo da su, dillali ya nemo mai su, a tilasta masa ya mayar da kuɗi. Tufa ya yi magana a kai, amma ƙa'idar ɗaya ce da ta turke. Kayan sun yi nisa, mai sayarwa ya ɓace, sunan ɗan gari kuwa yana biye da su.

Abin da malamai suka tanada

Al'ada ba ita kaɗai ke aiki ba. Alƙalan ƙasar nan da littattafan mazhabar Maliku su ke hukunci, musamman Risala ta Ibn Abi Zaid, mutumin Ƙairawan wanda ya rasu a 996, da Muhtasar na Shaihu Halil. Cikinsu akwai hukunce-hukunce huɗu da suka shafi maganarmu.

Na farko, an yarda masu ciniki su yi sharaɗin zaɓi, watau a ba mai saye 'yan kwanaki ya gwada kafin ciniki ya tabbata, ga dabba kuwa an ƙayyade kamar kwana uku. Na biyu, wanda ya sami tsohon aibi da aka ɓoye masa yana da ikon mayar da abin ya karɓi kuɗinsa. Na uku, in mai dabba na asali ya kawo shaidu cewa tasa ce, bai sayar ba, bai bayar ba, zai karɓi abinsa, wanda aka karɓe daga hannunsa kuma ya koma kan wanda ya sayar masa. Na huɗu ya fi su dacewa da zamaninmu. An halatta sayar da abin da ba ya wurin bisa siffantawa, amma an hana a sharɗanta biyan kuɗi tun kafin a gan shi, sai in wurin kusa ne, ko abin irin wanda ba ya sākewa ne, kamar gida ko gona. Dabba kuwa tana iya ramewa ko ta mutu kafin a isa gare ta.

Mai karatu zai lura cewa hukunci na biyu da na uku ba su da amfani in ba a san inda za a sami mai sayarwa ba. Shari'a ta ba da haƙƙi, mai gida ne ya ba da ƙofar da za a ƙwanƙwasa a karɓe shi. Wannan ya fi tsanani a musaya, inda falke zai ba da gajiyayyen jakinsa da ciko ya karɓi mai ƙarfi. A musaya kowane ɗaya mai saye ne kuma mai sayarwa, tsoron da ke cikin ciniki ya ninku, saboda haka kowa ya kan zo da nasa mai lamuni.

Kada a ɗauka tsarin nan ba shi da aibi. Dillali ya kan faɗa wa mai saye kuɗi dabam, ya faɗa wa mai dabba dabam, ya cinye tsakani. Baƙo ya kan zama kamar ɗaurarre a gidan mai gidansa, ba ya iya sayarwa sai ta hannunsa, wani lokaci a riƙe masa kuɗi har ayarinsu ya tashi ya bar shi. Kuma ta wannan hanya ɗin aka yi cinikin bayi har zuwan Turawa. Tsari ne na tsare dukiya, bai tsare kowa daga zalunci ba. Amma abin da aka kafa shi dominsa ya yi shi.

Zuwan jirgin ƙasa

Hanyar jirgi ta iso Kano a 1911, aka buɗe ta ga 'yan kasuwa a 1912. Zuwa 1930 an ja reshe daga Kano zuwa Nguru, ya bi ta Ringim da Taura da Gagarawa da Malam Madori. Ringim ta zama tashar awon gyaɗa, jakuna da raƙuma suka koma ɗauko gyaɗa daga ƙauyuka zuwa bakin tasha maimakon doguwar tafiya. Goro kuma ya koma zuwa ta jirgi daga ƙasar Yarabawa. Madugu da jagaba suka rasa aikinsu.

Mai gida kuwa bai rasa nasa ba, sai ma ya bi jirgin ya sauka Kurmi. A Badun an kafa unguwar Sabo ta Hausawa a 1916. Wani masani, Abner Cohen, ya zauna cikinta a 1962 da 1963, ya rubuta yadda a ke cinikin shanu. Ya tarar ana sayar da shanu wajen 75,000 kowace shekara, kusan duka bashi, ga mahauta Yarabawa, daga hannun fataken arewa waɗanda ba su san su ba. Ba a rubuta takarda, ba a zuwa kotu. Masu gida 'yan kaɗan ne ke tsaye tsakani, dillalansu sun san kowane mahauci da nauyin bashin da zai iya ɗauka, in mahauci ya gaza mai gida ya biya. Polly Hill ta sami irin wannan tsari a kasuwar Kumasi. Shanu ba abin hawa ba ne, amma labarin ya nuna cewa ƙarin nisa da bambancin harshe ba su karya dabarar ba. Har yau wanda ya je kasuwar Maigatari ran Alhamis, ko ta Gujungu cikin ƙasar Taura, zai ga ba a sayen raƙumi ko doki sai ta hannun dillalin da aka san shi a kara.

Mota da takarda

Da mota ta zo, sai ta zo da sabon mashaidi, watau takarda. Doki launinsa da alamunsa a bakin shaidu su ke, mota kuwa an buga mata lamba a jikin ƙarfe da jikin inji, an rubuta sunan mai ita a ofishin lasin. Muddin sababbin motoci a ke saye daga kamfani abin bai da wuya. Ran 2 ga Afrilu 1972 Nijeriya ta koma tuƙi ta hannun dama, ta yi daidai da maƙwabtanta. A 1975 aka buɗe ma'aikatar harhaɗa Peugeot a Kaduna, ma'aikaci mai matsakaicin albashi ya iya karɓar rancen mota ya sayi sabuwa fil.

Daga 1986, da aka karya darajar naira, sabuwar mota ta gagari yawancin mutane. Aka koma sayen waɗanda Turawa suka hau suka gaji. Da yawansu daga Brussels a ke tara su, a yi musu lodi a tashar jirgin ruwa ta Antwerp, shi ya sa har yau a ke kiran irin wannan mota 'yar Beljiyam ko da daga Amurka ta fito. Tun da kuɗin fito a Kwatano ya fi na Ikko sauƙi, sai kasuwar ta koma can. A 2014 motocin da aka sauke a Kwatano sun haura 300,000, mafi yawansu kuwa Nijeriya suka nufa, waɗansu ta Seme, waɗansu su hau arewa ta Malanbil da Gaya su ratsa Nijar, su shigo ta iyakokin Sakkwato da Katsina da Jigawa.

Mutumin Ringim da ya so mota a waɗannan shekaru hanyar kakanninsa ya bi. Ya kan ba wani dillalin mota na Kano kuɗinsa, wanda ya san gidansa da shagonsa, shi kuwa dillalin yana da Bahaushen da ke zaune a Kwatano, mai saukar da baƙi, wanda ya san masu fili da masu fito da direbobi. Kuɗi su bi ta hannu uku ko huɗu, amma kowane hannu sananne ne ga na kusa da shi.

Sai dai takarda ta zo da nata ciwon. Mashaidin mutum yana jin kunyar a kama shi da ƙarya a garinsu, takarda kuwa ba ta da kunya. An yi ta buga takardun kwastan na jabu ga motocin fasa-ƙwauri, mutum ya hau motarsa shekara biyu, ran nan a tare shi a hanya a karɓe. Daga 1 ga Janairu 2017 gwamnati ta hana shigo da motoci ta iyakokin ƙasa, a watan Agusta 2019 aka rufe iyakokin, sai a Disamba 2020 aka buɗe huɗu, har da ta Maigatari. Kowace doka cikin waɗannan ta ƙara wa takardar gaskiya daraja, ta kuma ƙara wa masu buga ta ƙarya ciniki. Cigiya ma ta yi nisan da ba ta taɓa yi ba. A 2024 hukumar EFCC ta miƙa wa 'yan sandan Kanada motoci 53 da aka sato daga can aka kawo nan. Waɗanda aka karɓe daga hannunsu sun faɗa cikin hukuncin nan na uku, sai su nemi wanda ya sayar musu, in sun san inda ya ke.

Zamanin waya

Wayar hannu ta shigo a 2001, daga baya intanet ta shiga cikinta. Yanzu mutum yana zaune a Ringim ko Dutse zai ga hoton mota a Facebook ko WhatsApp, mai ita yana Ikko ko Fatakwal, su yi magana, su daidaita, ko saye ko musaya da ciko. Alherin da ke ciki a fili ya ke. An huta da la'ada, an huta da dillalin da ke cin tsakani, kasuwa ta faɗaɗa. Amma abin da aka cire don a rage tsada shi ne ginshiƙin da ke riƙe da ɗakin. Baƙo biyu ne suka haɗu, ba kaba ko ɗaya a tsakaninsu.

Dabarun 'yan damfara na yau duka ta wannan kafa su ke shiga. Wani ya sa hoton motar da ba tasa ba da araha mai ban mamaki, ya ce masu so sun yi yawa, a turo kafin alƙalami a riƙe maka. Wani ya ce shi jami'in kwastan ne, ana gwanjon motocin da aka kama. Wani ya zo sayen taka, ya nuna maka saƙon banki na ƙarya, ya karɓi makulli, kafin ka gane ya yi nisa. Wani ya karɓa don gwaji ya ƙi juyowa. Mafi muni shi ne wanda zai kira ka wurin da ba kowa, ya san ka zo da kuɗi ko da mota, a nan kuwa ba dukiya kaɗai ke cikin haɗari ba. Wannan shi ne cinikin biri a sama, wanda Risala ta yi wa shinge shekara dubu da suka wuce.

Ba wanda zai ce a koma zamanin zango. Amma wanda zai yi irin wannan ciniki yana iya mayar da kowane abu na da a gurbinsa. A ce mutumin Ringim zai yi musayar motarsa da wani na Ikko. Abu na farko ya nemi mai gida, watau wani nasa da ke zaune can, ko a Agege ko a Idi Araba, ko dillalin mota mai fili da ƙungiya, wanda zai je ya ga motar da idonsa, ya ga mai ita, ya ga inda ya ke kwana ko inda ya ke aiki. In mutumin ya ƙi a zo gidansa, magana ta ƙare. Kada ya tura ko sisi kan hoto. Lambar shasi, mai haruffa da alƙaluma 17, ita ce lalas ɗin mota. A karanta ta a jikin ƙarfe, a gwada da ta takarda, a kai ofishin kwastan a tabbatar an biya fito, a bincika wurin 'yan sanda ko ana cigiyarta, a ga kuma sunan da ke takarda shi ne na katin shaidar mai sayarwa. Bakanike shi ne mai duba haƙora, amma ya zama naka, ba wanda mai mota ya kawo ba, gama agogon da ke ƙirga tafiyar mota ana mayar da shi baya, fenti kuma yana rufe haɗari.

Ran haɗuwa a haɗu da rana, a wurin jama'a, kowa da mutanensa. Ciko a biya shi cikin banki, cikin asusun da ke ɗauke da sunan mai motar, kada a miƙa makulli sai mai karɓa ya ga kuɗin cikin asusunsa da kansa. A rubuta yarjejeniya, a sa lambobin motocin biyu, a sa sharaɗin kwanakin gwaji in an yarda, shaidu su sa hannu, su zama mutanen da a ke iya samu bayan shekara. Sa'an nan a gaggauta canja sunan mallaka a ofishin lasin, domin motar da ka bayar in aka yi ɓarna da ita tana ɗauke da sunanka, ƙofarka za a fara zuwa.

Wani zai ce wannan wahala ta yi yawa, ga kuɗin mota, ga ladan bakanike, ga la'adar dillali. Gaskiya ne. Fataken da suka bi ta Garki da kanwarsu ma sun san la'ada tana rage riba, suka yi ta biya duk da haka shekara da shekaru, domin sun auna ta da asarar doki ɗungum sun ga ta fi sauƙi. Kafin mutum ya tambayi shekarun mota ko kuɗinta, ya fara da tambayar da a ke yi a bakin turke: in magana ta tashi bayan wata shida, ƙofar wa zan je? In an ba shi sunan mutumin da ya ke da gida, wanda kuma ya yarda a zo masa, ya ci gaba da tayi. In ba a ba shi ba, ya riƙe kuɗinsa da makullinsa, ya jira wata kasuwa.